Padrão dos Descobrimentos a Lisbon: abin da za a kalla kyauta da abin da ya cancanci tikiti

A unguwar Belém, bakin kogin Tejo, wannan ginin tunawa da tafiye-tafiyen teku na Fotugal yake tsaye da siffar goshin jirgin ruwa mai shirin shiga teku. Tsayinsa mita 56. An fara yin sa na wucin gadi a 1940 don wani baje-koli, daga baya aka rushe, sannan aka sake gina shi da kankare da dutse a 1960, shekara 500 cif bayan rasuwar Yarima Henrique, wanda ya ɗauki nauyin tafiye-tafiyen Fotugal na farko zuwa gaɓar Afirka. Cottinelli Telmo ne ya zana ginin, Leopoldo de Almeida ya sassaƙa mutanen.

Babban abin kallon a waje yake, kuma ba a biyan ko sisi. Mutum-mutumi 33 ne: Henrique a gaba riƙe da ɗan ƙaramin jirgi, 16 a kowane gefe suna biye da shi, cikinsu har da matuƙan jiragen ruwa Vasco da Gama da Magellan da Cabral. Mace ɗaya ce tal, Sarauniya Filipa, mahaifiyar Henrique. Dutsen fari ne, da tsakar rana yana kashe ido, fuskokin ma ba sa fitowa a hoto. A kalli ɓangaren gabas da safe, na yamma bayan la'asar, lokacin da inuwa ke fito da ninkin tufafi da jijiyoyin hannu. Aikin sassaƙar ya yi kyau ƙwarai, wannan ba a musu.

Tikiti na hawa sama ne. Lif yana kai mutum kusa da ƙarshe, sauran sai a taka matakala, don haka mai ciwon gwiwa ya yi shawara tukuna. Saman matsattse ne, katangarsa na da tsawo ga yara, iskar kogi kuma ba ta da wasa. Duk da haka hawan ya biya kuɗinsa saboda abu guda: daɓen da ke gaban ginin. Zanen kamfas ne mai faɗin mita 50, kyautar Afirka ta Kudu, da taswirar duniya a tsakiya ɗauke da shekarun da jiragen Fotugal suka isa wurare, kamar Mina a 1471, wato Elmina ta Ghana a yau. Daga ƙasa ƙafafun jama'a kawai ake gani a kansa. Daga sama ne zanen yake haɗuwa.

Inda wurin ya gaza shi ne labarin da dutsen ke bayarwa. A zamanin mulkin Salazar, ɗan kama-karyar Fotugal, aka gina shi don ɗaukaka daular mulkin mallaka, kuma jarumta kaɗai ya nuna. A 1444 an raba bayi 'yan Afirka 235 a garin Lagos na kudancin Fotugal, Henrique yana wurin a kan doki. Zurara, marubucin da ya rubuta yadda aka raba uwa da ɗanta ran nan, yana cikin mutum 33 ɗin. Waɗanda aka raba babu ko ɗayansu. Mai zuwa da yara ya san wannan kafin ya iso.

Wajen zuwa, jirgin ƙasa na layin Cascais daga tashar Cais do Sodré ya fi taragon kan titi (tram) mai lamba 15E sauri, ga shi taragon kan cika maƙil, masu yankan aljihu kuma sun san da haka. Sai dai a duba allo, ba kowane jirgi ke tsayawa a Belém ba. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne neman tsallakowa kai tsaye daga gidan ibadar Jerónimos: layin dogo da babban titi sun datse hanya, sai an bi ta ƙarƙashin ƙasa daga lambun Praça do Império. Lokutan buɗewa kan canza tsakanin bazara da hunturu. Awa ɗaya ta isa, har da hawa saman idan layin lif bai yi tsawo ba.