Fankeke ko fawundeshan na ruwa: wanne zai kai ki dare a gidan biki?

Wata 'yar uwa ta tambaya cewa fuskarta mai maiƙo ce, ga tabon ƙuraje a kumatu, kuma bikin ƙanwarta ya faɗo a watan Afrilu. Tana son abin da zai riƙe ta tun daga kamu har a tashi daga dina. Fankeke za ta saya ko fawundeshan na ruwa?

'Yar uwa, in dai don wannan ranar ce, na ruwa za ki saya, amma kada ki bar fankeken a gida.

Fankeke aikinsa shan maiƙo. Kin dangwala da soso, nan take ƙyallin goshi da hanci ya kwanta, shafa shi ba ya cin minti biyar, kuma yana shiga jaka. Asalinsa ma don 'yan fim kamfanin Max Factor ya ƙirƙiro shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1930, ana shafa shi da jiƙaƙƙen soso. Sai dai yawancin abin da muke kira fankeke a kasuwa yanzu hoda ce kawai da aka danne a gwangwani. A saman fata take zama. Tabo mai duhu ba ya ɓuya a ƙarƙashinta, sai ki yi ta ƙarawa, da zufa ta keto kuma ta kwaɓe, fuskar ta yi dabbare-dabbare kamar bangon da ruwan sama ya daka. Akwai masu nauyi irin Studio Fix na MAC da ke rufe tabo ba laifi, amma su ma a zafin Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, sai kin yi ta gyara.

Na ruwa shi ne ke kama fata ya daidaita launi. Ki nemi wanda aka yi don fata mai maiƙo, wanda ke bushewa ba ƙyalli, misali Fit Me na Maybelline nau'in Matte + Poreless, ko na Zaron da ake samu a nan gida. Ki kula da jabu, sun cika kasuwa.

Inda mata da yawa ke ɓata shi wurin shafawa ne. A wanke fuska, a shafa mai marar nauyi, a jira ya shige. Mai maiƙo ma tana buƙatar mai, kada ki tsallake shi. Sannan firaima, wato shimfiɗar da ake shafawa kafin fawundeshan don ya zauna, a goshi da hanci da haɓa kawai. Fawundeshan ɗin kuma ɗan kaɗan, ki dinga dangwalawa da soso mai ɗan danshi, ba gogawa ba, daga tsakiyar fuska zuwa gefe. Tabon da ya ƙi ɓuya ki bi shi shi kaɗai da konsila, wato abin rufe tabo, ba sai kin sake lafta wa fuskar duka ba. Kaurin shafi shi ke jawo tsattsagewa a gefen baki da ƙasan ido kafin magariba. Idan kin gama sai ki danne da hoda, ki fesa ruwan da ke kafe kwalliya.

Zaɓen launi ya fi komai ba da wahala a na ruwa. Kada ki gwada a bayan hannu, launinsa ba ɗaya ba ne da na fuska. Ki ja layi a muƙamuƙi zuwa wuya, ki fita hasken rana, ki ba shi kamar minti goma sha biyar, domin wasu suna ƙara duhu bayan sun haɗu da maiƙon fata. Kuma don Allah a daina sayen wanda ya fi fata haske da nufin a yi fari. A hoto ake ganin abin: fuska fara fat, wuya da hannu suna nasu launin. Farar hoda mai yawa a ƙasan ido ma haka take yi da hasken kyamara. Tun da Fenty Beauty ya fito da launi 40 a 2017 kamfanoni suka ƙara yawan launukan baƙar fata, ba ki da dalilin yin maneji.

Ga maganar alwala. Fankeke yana fita da ruwa cikin sauƙi, ki maimaita shi bayan sallah. Na ruwa mai daɗewa, musamman wanda aka rubuta ba ya jin ruwa, sai an goge shi da abin gogewa kafin ruwa ya taɓa fata. Shi ya sa masu kwalliya ke cewa a yi alwala kafin a zauna a kujera. A ranakun aiki kuwa, da za ki yi azahar da la'asar a ofis, ni fankeke na fi zaɓa.

Da bikin a hunturu ne kuma fatarki busasshiya ce, da na ce ki rage hodar sosai, don tana fito da furu-furu.

A wurin bikin, idan ƙyalli ya dawo, ki fara danna tishu a wurin ya tsotse maiƙon, sannan ki ɗora fankeke sama-sama. Hoda a kan zufa kai tsaye ita ke kwaɓewa.