Ofishin da ke kai mata tiyatar rage ƙiba a ƙasashen waje: abin da na tarar

Yayar maigidana ce ta kai ni wannan ofishi da ke cikin garin Sakkwato, bayan ta shafe kusan shekara tana yi mini gorin ƙiba a gidajen biki da suna, har na daina shiga hoto, kuma in na je awo wurin tela sai in ji kamar an tsayar da ni gaban alƙali. Ita ɗin ce kuwa lokacin aurena ta riƙa ɗura mini fura da kunu, har da shawarar sha-ka-fashe, wai kada a ce amarya ba ta samu hutu ba.

Ta fuskar tsari ban ga laifinsu ba. Wurin yana da tsabta, mace ce ke karɓar mata, kuma suna ɗauke wa mutum wahalar biza, tikiti, masauki da tafinta a Masar, Turkiyya ko Indiya. Sun rubuta mini kuɗin komai dalla-dalla da dala, ba su ɓoye ko ɗaya ba.

Inda na fara shan jinin jikina shi ne yadda aka buɗe zancen. Kafin a tambaye ni ko ina da wani ciwo, sai aka miƙo mini waya cike da hotunan mata kafin aiki da bayansa, ma'aikaciyar tana cewa, "Hajiya, ki yi don ki riƙe gidanki." Babu likita a wurin, kuma babu wanda ya auna hawan jinina ko sukarina. Na shiga ina jin kunyar jikina, na fito ina jin kamar aurena ma yana rataye ne a kan sikeli, kuma na yi imani da wannan tsoron suke cin kasuwa.

Sai da na ga likita a asibitin gwamnati na fahimci girman abin. A aikin da suka fi tallatawa ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba, kuma abin da aka cire ba ya dawowa. Ƙa'idar da likitoci suka shimfiɗa a Amurka a 1991 ta ware tiyatar ga wanda ma'auninsa na BMI, wato lissafin nauyin mutum gwargwadon tsawonsa, ya kai 40, ko 35 in akwai ciwo irin na sukari, sannan a 2022 ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauto ta zuwa 35, ko 30 ga mai irin wannan ciwo. Nauyina kilo 92 ne, tsawona mita 1.63, wato ma'aunina bai kai 35 ba, kuma gwaji ya nuna ba ni da sukari ko hawan jini.

Akwai abubuwan da ofishin bai ambata ba sam. Bayan aiki sai an yi makonni ana shan ruwa-ruwa, ana buƙatar bitamin B12 da maganin ƙarin jini da gwaje-gwaje na tsawon rayuwa, gashi yakan zube a watannin farko, kuma ana hana mace ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18. Na tambaye su yadda mai ɗan ƙaramin tumbi, wadda ba ta iya kwankwaɗar ruwa a lokaci guda, za ta yi da zafin Afrilu a Sakkwato da ke wuce digiri 40, balle azumi, sai aka ce mini likitan can zai yi bayani. Hidimarsu tana ƙarewa ne daga sauka a filin jirgi bayan an dawo gida.

Wadda likitanta ya tabbatar tana buƙatar aikin za ta iya amfana da su wajen shirin tafiya, muddin ta fara samun wanda zai riƙa duba ta a gida. Ni dai ban biya ba, kuma har yanzu duk ranar Juma'a sai sun turo mini sabbin hotuna ta WhatsApp, waɗanda nake gogewa ba tare da na buɗe ba.