Littafin filasma da na shiga aji da shi

Fiziks nake koyarwa a sakandare. A hutun da ya wuce na yi odar wani ɗan littafi na Turanci ta intanet, wanda aka rubuta kan filasma don mutanen da ba su yi zurfi a kimiyya ba. Na karanta shi sau biyu, sannan na gwada shi a kan ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe.

Rabin farko ya biya kuɗinsa. Marubucin ya bi mataki-mataki: ƙanƙara ta narke ta zama ruwa, ruwa ya zama tururi, idan zafi ya ci gaba sai elektiron su kufce daga jikin atam, a samu iska mai ɗauke da cajin lantarki wadda maganaɗisu ke iya juyawa. Ita ce masanin kimiyya Irving Langmuir ya raɗa wa suna filasma a 1928. Misalansa duk abubuwan da yaro ya taɓa gani ne: walƙiya, hasken mai walda, doguwar fitilar lantarki, da ita kanta Rana. Inda ya fi taɓa ni shi ne bayanin shimfiɗar filasma da ke can saman sararin samaniya, wadda ke dawo da siginar rediyo ta gajeren zango ƙasa. Na tashi ina ganin mahaifina yana murɗa akwatin rediyo da daddare yana kamo Landan, kuma ban taɓa samun wanda ya warware mini dalilin da kyau haka ba. Yaran ma sun kama shi nan take.

Da aka zo babin samar da wuta ta hanyar haɗe ƙwayoyin atam, sai littafin ya koma kamar talla. Ya kawo gwajin da aka yi a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore da ke Kalifoniya ranar 5 ga Disamba, 2022, inda hasken lesa 192 ya kai megajul 2.05 (megajul ma'aunin ƙarfi ne) kan ɗan ƙanƙanin makamashi, aka samu megajul 3.15. Gaskiya ne. Amma bai faɗi cewa na'urorin lesar sun sha kusan megajul 300 na wutar lantarki kafin su harba wannan hasken ba. Ɗan kasuwar da ya lissafa riba ya manta kuɗin mota da na dako bai yi lissafi ba, kuma abin ya ɓata mini rai domin yara sukan ɗauki abin da ke cikin littafi a matsayin yankan shakku.

Haka ya yi da makamashin, wato diyuteriyom da tiritiyom, nau'o'in haidurojin biyu da ake haɗewa. Ya yi ta nanata cewa ana samun diyuteriyom a ruwan teku, ya tsallake tiritiyom, wanda ƙaranci gare shi, rabinsa ke lalacewa cikin shekara 12 da 'yan watanni, kuma sai an ƙera shi daga litiyom.

Wata ɗaliba ta tambaye ni me ya sa na'urar gwajin haɗe ƙwayoyin atam mai suna ITER da ake ginawa a Cadarache, kudancin Faransa, mai siffar gammo, ke buƙatar zafin digiri miliyan 150, alhali tsakiyar Rana miliyan 15 ne kawai. Mun duba tare, babu amsa a littafin. Ni na yi mata bayani cewa nauyin Rana yana matse ƙwayoyin ƙwarai, mu kuwa ba mu da irin wannan matsi a duniya, sai mu rama da zafi. Layi biyu sun isa wannan.

Zan ci gaba da amfani da babukan farko a aji. A gefen shafin gwajin Kalifoniya kuwa, na rubuta 300 da jan biro.