Tayil ɗin roba na LVT a daɓen kanti, bayan shekara guda

Shekara guda ke nan da muka shimfiɗa tayil ɗin roba da ake kira LVT a daɓen kantinmu na sayar da magani, kuma a ganina ya biya kuɗinsa, ko da yake ba ta kowace fuska ba. Abin da ya fi muhimmanci wajen zaɓe shi ne kaurin fatar saman da ke ɗaukar takun jama'a, shi ya sa muka ɗauki mai milimita 0.55, ajin 33 da aka tanada domin wuraren kasuwanci masu cunkoso, muka bar mai 0.3 wanda ya fi dacewa da ɗakin kwana. Mun kuma fifita wanda ake mannawa da gam, domin ba ya gocewa idan an tura kaya masu nauyi a kansa.

Ruwa ba ya yi masa illa, tsumma mai ɗanshi ya wadatar wajen gogewa, kuma ƙafar mai tsayuwa yini guda ba ta gajiya sosai. Sai dai yashin da takalma ke shigowa da shi ya karce bakin ƙofa, kuma duk inda simintin ƙasa bai daidaita ba, tudun ya bayyana sarai ta saman robar.