Cire Ƙarin Damoyid: Aikin Na'ura Ko Tsaga Mara?

Ranar da likita ya duba hoton mara ya ce akwai ƙari a ma'ajiyar ƙwai, kuma mai yiwuwa da gashi ko haƙori a cikinsa, mata da yawa sai hankalinsu ya tafi kan jifa ko aljanu. Ba ko ɗaya. Damoyid ke nan, ƙullutu mai ɗauke da maiƙo, gashi, wani lokacin har da ƙashi, wanda ke tsirowa daga ƙwayoyin halittar da aka haifi mace da su. Ya fi bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, girmansa a hankali yake, kuma wanda ke rikiɗewa ya zama ciwon daji bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, akasari ga waɗanda haila ta ɗauke musu. Magani ba ya narkar da shi. Idan ya kai santimita 5 ko 6, nauyinsa na iya murɗe ma'ajiyar ƙwan har jini ya daina isa gare ta, shi ya sa likitoci ke cewa a cire.

Hanya biyu ce a gabanki.

Ta farko aikin na'ura, wato lafaroskofi. Ana huda ƙofofi uku ko huɗu, kowace kimanin santimita ɗaya ko ƙasa da haka, ɗaya a cibiya inda kyamara ke shiga. Sai a hura iskar kabon dayoksaid cikin ciki don likita ya sami sarari. Barci ake sa ki gaba ɗaya. Yawanci ranar ko washegari kina gida, cikin mako ɗaya zuwa biyu kin koma harkokinki. Kada ki tsorata idan kafaɗa ta yi miki ciwo kwana biyu, ragowar iskar ce. Ribar da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina ta fi ƙanƙantar tabo muhimmanci, ita ce hanji da bututun ƙwai ba sa yawan mannewa bayan irin wannan aiki. Ga mai neman haihuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma damoyid yana da nasa hali. Jaka ce cike da maiƙo, fitar da ita ta ƙaramar ƙofa kuwa ya fi sa ta fashe. Idan maiƙon ya zube aka bar shi, yana iya kumbura rufin cikin ciki, abin da ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru akwai wahala. Ƙwararre yakan sa ƙarin cikin wata 'yar jaka ta musamman kafin ya jawo shi, in kuma ya zube ya wanke cikin da ruwan gishiri mai ɗumi har sai ya fita fes. Don haka ki tambayi likita kai tsaye: kuna da jakar? Sau nawa ka yi irin wannan aiki?

Ta biyu tsaga mara, kusan inda ake yi wa mai haihuwa aiki. Kwana biyu zuwa huɗu a gadon asibiti, mako huɗu zuwa shida kafin ki ɗauki abu mai nauyi, ciwo ya fi yawa, tabo ya fi tsawo. Kada wannan ya sa ki raina ta. Idan ƙarin ya haura santimita 10, ko hoto da gwajin jini sun sa ana zargin daji, ko an taɓa yi miki aiki sau da dama har ciki ya manne, fitar da shi ɗungurungum ba tare da ya fashe ba shi ne kwanciyar hankali. Ga shi a nan gida aikin tsagawa ya fi araha, likitocin mata duk sun goge da shi, alhali aikin na'ura sai a manyan asibitocin koyarwa da wasu masu zaman kansu. Ni dai gara likitan da hannunsa ya faɗa da tsagawa da wanda jiya ya fara koyon kyamara.

Ki sani ana iya farawa da na'ura a ƙare da tsagawa idan jini ya ɓalle ko an tarar da abin da hoto bai nuna ba. Yana cikin takardar da za ki sa wa hannu.

Akwai tambayar da ta fi waɗannan duka: ƙarin kaɗai za a ɓare, ko har da ma'ajiyar ƙwan? Ga matashiya ana ƙoƙarin barin ma'ajiyar, musamman da yake kusan mace ɗaya cikin goma masu wannan ƙari tana da shi a gefe biyu. Ku daddale wannan da likita tun kafin ranar aiki, kuma ki tabbatar an kai abin da aka ciro ɗakin gwaji, ki koma ki karɓi sakamakon da hannunki.