Fam 150 a ofishin wata lauya a Manchester

Ɗana yana da shekara 17 da wata huɗu lokacin da kotun yara ta ɗora masa umarnin gyaran hali na wata 18, sanadin faɗan da suka yi a tashar bas. Ranar da ya cika 18 ya shigo kicin yana washe baki, ya ce, "Umma, shi ke nan na fita hannunsu." Abokansa ne suka gaya masa. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na nemi wata lauya da maƙwabciyata ta yaba mini.

Ofishin nata ɗaki biyu ne a saman wani shagon gyaran waya, matattakalar ma sai ka dafa bango. Fam 150 ta karɓa na awa ɗaya. Na ji zafin kuɗin, domin a kotun yara ko sisi ban biya ba, tallafin shari'a na gwamnati ne ya ɗauki nauyi.

Amma ta ci kuɗinta. Ta karanta takardar kotun tsaf, sannan ta juya ga yaron, ba gare ni ba. Ta ce masa umarnin ba ruwansa da ranar haihuwa, ranar ƙarewarsa tana rubuce, saura wata goma cif. Irin wannan umarni a Ingila yana iya kaiwa shekara uku. Abin da kan canza shi ne mai sa ido: ana iya ɗauke shi daga hannun jami'an matasa a miƙa wa hukumar da ke kula da manyan masu laifi, kuma haka aka yi masa daga baya. Jami'ar matasa takan kira ni idan ya makara. Su waɗannan ba mai kiran uwar kowa. Idan ya saɓa sharaɗi yanzu, kotun majistare ta manya za a kai shi, inda kowa zai iya shiga ya zauna, a kuma buga sunansa a jarida. Nan na ga gogan naka ya gyara zama.

Ta kuma yi mana bayanin rikodinsa. Ga yawancin ayyuka, da zarar umarnin ya ƙare ba sai ya ambata ba, amma aikin kula da yara ko marasa lafiya binciken DBS mai zurfi ake yi, wato binciken tarihin laifin mai neman aiki, inda laifin zai ci gaba da fitowa har shekara biyar da rabi daga ranar hukunci, wasu laifukan ma ba sa gogewa.

Inda ta gaza: waya. Sau huɗu na kira kafin a ɗaga, wasiƙar da ta ce mako ɗaya sai da ta kai uku, ga Turancin lauyoyi da sai da yayarsa ta warware mini. Duk da haka na ba wata 'yar'uwa lambarta, na ce ta je da ƙafarta, kada ta tsaya kira.