Labarin bikin ɗanku a Manchester da jawabin da aka sa ni na yi

Yaya Alhaji barka da war haka, ya su Hajiya da yara. Kun ce in ba ku labarin bikin ɗanku dalla-dalla tunda Allah bai yi za ku zo ba, to ga shi.

Na farko dai a nan Ingila ɗaurin aure a masallaci kaɗai gwamnati ba ta san da shi ba, sai in masallacin yana da rajistar ɗaura aure. Dole ango da amarya su je ofishin rajista su ba da sanarwa, a kafe sunansu kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan a sa hannu da shaidu biyu. Gaskiya aikinsu a tsare yake, lokacin da suka ba ka shi ne lokacin, kuma ba wanda ya nemi na goro.

Goron kansa ne ya ba ni wahala. Dabino kam ga shi nan a shagunan Larabawa da 'yan Pakistan na Wilmslow Road, manya masu laushi, sun fi wanda muke saye a gida. Goro kuwa sai shagon 'yan Afirka, a ƙirga maka ɗaiɗai rabi duk ya bushe, kuɗin da na biya a ɗan ƙullin nan da a Mariri ne ƙwarya guda zan ɗauko har da canji. Lefe ma daga Kantin Kwari aka haɗo mana aka sako a kago, alhali atamfar ABC ɗin nan da iyayenmu mata ke ji da ita a Hyde kusa da mu ake buga ta a da, tun 2007 suka mayar da aikin Ghana. Shaddar Getzner a Ostiriya ake saƙa ta amma wallahi ta fi sauƙin samu a Kano, tela kuma a nan kuɗin ɗinkinsa ya fi kuɗin yadin.

Wurin taro kuma kujera-kujera ake biya. Ba irin namu ba da za a kafa rumfa a ƙofar gida, wanda aka gayyata da wanda ya ji ƙamshi duk su ci su ƙoshi, nan sai ka ba da sunan kowa tun da wuri a rubuta a ajiye a gaban farantinsa, in lokacin da ka kama ya cika su fara naɗe tebur ko kuna tsakiyar hira. Wuta ba ta ɗauke ba, abinci ya fito da zafinsa, banɗaki tsaf, amma duk abin da maƙwabta da dangi ke yi maka a gida don zumunci nan sai ka biya shi awa-awa.

Abu ɗaya ne kuɗi ba ya saya maka, shi ne jawabi. Al'adarsu bayan an ci abinci uban amarya ya tashi ya yi magana, ango ya yi, babban abokinsa ya yi, yanzu kuma uban ango ma ana sa shi, a ƙarshe kowa ya ɗaga kofi a yi wa ma'auratan fatan alheri. Mu lemo muka zuba tunda iyayen yarinyar ma Musulmi ne. Yaya kun san mu, ɗan fari ne fa, ko sunansa ba na kira, a gida ku ne za ku karɓar masa aure a matsayin wakili, sanƙira ya yi shela, maroƙa su wasa shi su wasa kakanninsa, ni ina can gefe ana min Allah ya sanya alheri. Na ce masa a nemo wani cikin abokaina ya yi, ya ce Baba ni dai daga bakinka nake so in ji.

Na tashi. Minti biyar aka ba ni, na fara da Hausa na juya Turanci saboda surukai. Na faɗi yadda yake raka mahaifiyarsa asibiti yana yi mata tafinta tun yana ƙaramin yaro, da yadda albashinsa na farko ya ce a aika wa Inna. Na ce wa amarya daga yau ba suruka ba ce 'ya ce, na ce masa amana aka ba shi, ya riƙe ta da haƙuri da tsoron Allah. Na rufe da Barakallahu laka wa baraka alaika, duk wurin aka amsa da amin. Da na dubi yaron hawaye yake yi, ashe duk shekarun nan bai taɓa jin na yabe shi ba, kuma shi a nan ya girma, ba dangi kewaye da shi da za su faɗa masa a madadina yadda ku kuke faɗa mana abin da Baba ke cewa a kanmu a bayan idonmu.

Kunyar ɗan fari tarbiyya ce ban raina ta ba, amma ina ganin duk ɗan'uwanmu da ke rainon yara a ƙasar nan in aka miƙa masa makirfo ranar auren ɗansa ya karɓa.

Zan turo bidiyon ta WhatsApp. Dan Allah kafin ku nuna wa Inna ku fara yi mata bayani, don za ta ji na ambaci sunan yaron a bainar jama'a.